Gilashi ko Filastik: Zaɓin Tagogi ga Motar da Aka Rage wa Tsayin Rufi a Sakkwato

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin masu gyaran bodi ya ga yadda ake datse ginshiƙan rufin mota, a cire santimita bakwai ko goma, a sake sauke rufin a yi masa walda, ya san cewa ƙarfe ba shi da gardama a hannun gwani. Ana yanka shi, ana yi masa ƙari, ana bugunsa har ya kwanta, abin da ya rage kuma foti da fenti su rufe. Gilashi ba ya karɓar waɗannan dabaru cikin sauƙi, kuma a nan ne aikin mutane da yawa ke tsayawa, motar ta shafe watanni a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, an lulluɓe ramukan tagoginta da kwali, mai ita yana ta yawon neman abin da zai toshe su. Ganin cewa matasanmu sun fara sha'awar farfaɗo da tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da Volkswagen mai siffar kunkuru suna sauya musu fasali, ya dace a zauna a auna zaɓi biyun da ke gaban mai irin wannan aiki, wato ko a nemi gilashi na gaske a yanka shi daidai sabon ramin, ko kuma a koma ga filastik mai garai-garai wanda ake yankawa da zarto.

Al'adar rage tsayin rufi daga Amurka ta fito, inda masu tseren mota a busassun tafkunan Kalifoniya da filin gishirin Bonneville suka riƙa yin haka domin rage turjiyar iska, daga baya kuma abin ya zama ado. Motar da ta fi shahara a wannan fage ita ce Mercury ta shekarun 1949 zuwa 1951, musamman waɗanda 'yan'uwa biyu, Sam da George Barris, suka yi wa aiki. Abin lura a nan shi ne gilashin gaban waccan mota falle biyu ne shimfiɗaɗɗu, ba su da lanƙwasa, saboda haka kowane mai yankan gilashi zai iya fitar da sababbi ta bin awon da aka zana a kwali, na bayan kuwa, da yake mai lanƙwasa ne, yawanci ba a taɓa shi, sai dai a ƙara kwantar da shi gaba a gina ƙarfen a kewayensa. Motocin da ke hannunmu ba duka ne ke da wannan sauƙi ba. Kunkuru, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975, gilashin gabanta kusan shimfiɗaɗɗe ne in ban da samfurin 1303, haka ma tsohuwar Land Rover, amma 504 da aka harhaɗa a Kaduna gilashin gabanta lanƙwasasshe ne, kuma Marsandi da motocin Japan da suka biyo baya har gilasan ƙofofinsu na da ɗan doro.

Kafin a kai ga kwatance, wajibi ne a san cewa gilashin mota iri biyu ne, kuma rashin sanin bambancinsu shi ne ke jawo asarar farko. Na ɗaya shi ne mai ninki, wato falle biyu na gilashi da aka manne da wata siririyar leda mai suna PVB a tsakiya, wadda kaurinta bai kai milimita 1 ba. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Édouard Bénédictus, shi ne ya yi rajistar dabarar ninka gilashi a 1909, kuma ita ce ta sa idan dutse ya bugi gilashin gaba yakan tsage kamar saƙar gizo-gizo amma ya tsaya a wurinsa. Na biyu shi ne gasasshen gilashi, wanda ake dumamawa sama da digiri 600 sannan a sanyaya samansa da iska cikin gaggawa, ta yadda fatarsa ke matse cikinsa. Wannan matsi ne ke ba shi ƙarfi, kuma shi ne dalilin da ya sa ba ya yankuwa ko kaɗan, domin da zarar dutsen yanka ko garanda ta ratsa fatar, sai fallen gaba ɗaya ya tarwatse ya zama tsakuwa. Gilasan ƙofofi da na baya galibi gasassu ne, kuma wasu tsofaffin motocin Turai har na gabansu ma haka yake. Saboda haka kafin kowa ya ɗora hannu, a duba tambarin da ke kusurwar gilashin, inda za a ga an rubuta Laminated ga mai ninki, ko Tempered ko Toughened ga gasasshe.

Shi mai ninki yana yankuwa, amma da sharaɗi. Idan shimfiɗaɗɗe ne aikin ba shi da wuya ga wanda ya saba: a ja layi da dutsen yanka a fuska ɗaya, a juya a ja wani daidai kansa a ɗaya fuskar, a karya kowanne a hankali, sannan a dumama ledar tsakiya da iska mai zafi ko ɗan sifirit har ta yi laushi a raba ta da reza, a ƙarshe a goge bakin da dutse ana zuba ruwa. Lanƙwasasshe kuwa wani labari ne daban, domin akwai ragowar matsi a jikinsa tun daga ranar da aka lanƙwasa shi a masana'anta, kuma tsaga na iya barin layin da aka ja ta bi hanyar da ta ga dama. Gwanaye kan rage shi kaɗan-kaɗan, wasu kuma su rufe sashen da ake so da tef mai kauri su ci sauran da injin feshin yashi. Ko a hannun gwani akan yi asarar ɗaya kafin a dace, don haka mai hankali yakan sayi biyu tun farko, kuma sabo ya fi tsoho yankuwa. Wanda bai samu a cikin gari ba, kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas su ne wuraren da aka saba nema, sai dai ɗauko gilashi daga can zuwa Sakkwato a bayan babbar mota shi ma wani haɗari ne da ya kamata a sa a lissafi.

Akwai wani zaɓi na uku da ba na so a ma kawo shi cikin kwatancen, amma dole a ambace shi domin na san yana jan hankali, wato gilashin gida irin wanda masu aikin alminiyam ke sa wa tagogin ɗaki. Yana da araha, ana samunsa a kowace unguwa, kuma yana yankuwa cikin minti biyar, amma idan ya fashe yakan zama dogayen wuƙaƙe masu kaifi a daidai wuyan wanda ke zaune. Duk wanda ya ba da shawarar a sa shi a mota, ko da a 'yar ƙaramar taga ce, bai kamata a sake ba shi aikin ba.

Filastik ma iri biyu ne, kuma 'yan kasuwa kan haɗa su a suna ɗaya. Akwai akirilik, wanda aka fi sani da sunayen Perspex da Plexiglas, wanda masu allunan talla ke amfani da shi, ya shiga kasuwa tun shekarun 1930. Yana da haske ƙwarai, ba ya saurin yin rawaya a rana, kuma idan ya ƙarje ana iya goge shi ya dawo, amma yana da gautsi, yakan tsage daga ramin noti, kuma idan ya karye yana barin baki mai kaifi. Sai polikabonet, wanda aka gano a 1953 a kamfanin Bayer na Jamus da kuma General Electric na Amurka kusan lokaci guda, ana sayar da shi da sunayen Makrolon da Lexan. Shi ne ake yin garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma da shi, kuma masu yin sa kan ce ya ninka gilashin gida wajen jure duka fiye da sau 200. Idan ana maganar tagar mota da gaske, polikabonet ake nufi, akirilik kuwa sai dai a yi gwajin siffa da shi ko a toshe rami na ɗan lokaci.

Fa'idar polikabonet a fili take ga wanda ya sha wahalar gilashi. Ana yanka shi da zarton lantarki mai ƙananan haƙora, ana huda shi, ana goge bakinsa da sanfefa, kuma falle mai kaurin milimita 4 ko 5 yana bin lanƙwasa mai sauƙi ba tare da an dumama shi ba. Idan an yi kuskuren awo, a rage kaɗan a sake gwadawa, abin da gasasshen gilashi ba zai taɓa yarda da shi ba. Nauyinsa kuma bai kai rabin na gilashi ba, domin kowace lita ɗaya ta gilashi tana da kimanin kilo 2.5, ta polikabonet kuwa kilo 1.2. Masu tseren mota suna ɗaukar wannan da muhimmanci, amma ga motar da za a riƙa fita da ita yawon sallah ko rakiyar amarya, lissafin bai taka kara ya karya ba: tagar ƙofa mai faɗin rubu'in murabba'in mita da kaurin milimita 4 tana da kilo 2.5 idan gilashi ce, kilo 1.2 idan filastik ce, wato a ƙofofi huɗu an rage kilo biyar da 'yan kai, abin da bai kai nauyin jarkar mai ta lita goma ba.

Inda lamarin ke juyewa shi ne idan aka kawo yanayin Sakkwato cikin maganar, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata. Ba sai an je ɗakin gwaji ba kafin a san abin da ranarmu ke yi wa polikabonet, domin murfin fitilun gaban galibin motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau da shi aka yi su. A tsaya a bakin titin Ahmadu Bello ko hanyar Kano a ƙirga motocin da fitilunsu suka yi rawaya suka dushe kamar idon da ya yi yana. Waɗannan fitilu sun fito daga masana'anta da rufin kariya mai inganci, duk da haka rana ta cinye shi cikin 'yan shekaru. Falle mai araha wanda ba shi da rufin kariya daga hasken rana, irin wanda ake yin rumfa da shi, ba zai kai ko kusa da haka ba a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu. Dushewar fitila tana rage haske ne kawai, amma dushewar tagar da direba ke dubawa ta ciki tana ɓoye masa ɗan kabu-kabun da ya ɓullo daga gefe.

Ƙura ta fi rana saurin yin ɓarna. Hazon hunturu da ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi gilashi kansa tauri, shi ya sa ko gilashin gaske ke yin zane-zane a inda waifa ke bi idan an saba kunna ta a bushe. Polikabonet kuwa ya fi gilashi laushi nesa ba kusa ba, kuma gogayya tana sa shi ya riƙa jan ƙura kamar yadda leda ke yi. Yanzu a haɗa wannan da al'adarmu ta kowace safiya, inda yaron gida ko mai gadi ke ɗaukar busasshen tsumma ya share motar kafin maigida ya fito, da kuma yaran da ke rugowa da soso a mahaɗar titi ba tare da an kira su ba. Kowace sharewa sanfefa ce. Akwai polikabonet mai taurararren rufi wanda ke jure ƙarzuwa sosai, kuma shi kaɗai ya cancanci a sa wa mota, amma ya fi tsada ƙwarai, ba kasafai ake samunsa a kasuwannin kusa ba, sannan rufin nasa yakan tsattsage idan aka matsa masa lanƙwasa, wato ya rasa babbar fa'idar da ta sa aka neme shi tun farko. Ƙarjin da rana ba ta nuna shi sosai, da dare yake bayyana, lokacin da fitilar tirela a hanyar Gusau ko ta Illela ta doki tagar, hasken ya watsu ya zama farin gajimare.

Sai batun kumbura da zafi, wanda masu gyaran bodi da yawa ba su saba da shi ba saboda gilashi bai taɓa koya musu shi ba. Polikabonet yana miƙewa da kimanin milimita 0.065 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, ƙarfen jikin mota kuwa kimanin 0.012, gilashi kuma 0.009. Idan muka ƙaddara tazarar digiri 50 tsakanin asubahin hunturu da jikin motar da ta wuni a rana cikin bazara, falle mai tsawon mita ɗaya zai ƙaru da fiye da milimita 3, alhali ramin ƙarfen da yake ciki bai ƙaru da ko milimita 1 ba. Wanda ya yanka shi cif-cif da sanyin safiya ya ɗaure shi da noti tamau, zai tarar da shi ya yi tumbi da azahar, ko kuma tsaga ta fara fita daga ramukan notin. Maganin shi ne a bar masa sarari a cikin robar baki, a faɗaɗa ramukan fiye da kaurin notin, a sa wasa ta roba, kuma kada a ɗaure har ƙarshe. A ƙara da cewa fetur da tina da ruwan wanke gilashi mai amoniya duk suna sa shi ya yi ƙananan tsage-tsage, ledar tinti ta yau da kullum kuma takan yi ƙuraje a kansa saboda danshin da yake fitarwa, sai a ga cewa sauƙin yankansa bashi ne da ake biya daga baya.

Ƙarfin da ake yabonsa da shi ma yana da fuska biyu. Gaskiya ne ɓarawon da ya zo da dutse don ya ɗauki jaka a kujera zai sha mamaki, amma haka ma mutanen da suka rugo ceto idan mota ta kife ko ta faɗa ruwa a damina ƙofofi suka maƙale. Gasasshen gilashin ƙofa an yi shi ne da gangan domin ya tarwatse da bugu ɗaya na abu mai tsini, ya buɗe hanya. A motar da aka rage wa rufi, ramin tagar ya riga ya ƙanƙance, ginshiƙan kuma an yanka su an sake haɗawa, saboda haka toshe sauran mafitar da abin da guduma ba ta fasawa ba ƙaramin ganganci ba ne. Masu tsere suna yin haka ne saboda suna da kejin ƙarfe a ciki da ma'aikatan ceto a gefen fili, abubuwan da babu su a kan hanyar Tambuwal da tsakar dare.

Ta fuskar doka kuma, gilashin mota na gaske yana ɗauke da tambarin inganci, ko dai harafin E a cikin da'ira na ƙa'idar Turai, ko AS1 da AS2 na Amurka, inda AS1 ke nufin wanda ya cancanci zama a gaba, kuma AS1 da AS2 dukansu ana bukatar su bar aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske ya wuce. Fallen filastik da aka yanko daga shagon kayan gini ba shi da ko ɗaya, kuma motar da aka sauya wa fasali dama tana jan idon jami'an VIO masu duba lafiyar motoci da na hukumar kiyaye haɗurra. Wanda ya zaɓi filastik mai duhu ko mai ruwan hayaƙi domin ya rage zafi, ya tuna cewa akwai dokar hana gilashi mai duhu ta 1991, wadda 'yan sanda ke aiki da ita. Saboda wannan, idan za a yanka gilashin gaba, a roƙi mai yankan ya rage daga sama ya bar kusurwar da tambarin yake.

Idan aka bi tagogin ɗaya bayan ɗaya, hukuncina a kan na gaba ba shi da sassauci: gilashi mai ninki ne kawai, ko da zai ci kuɗin biyu ko uku kafin a dace, domin nan ne waifa ke aiki, nan ne tsakuwar hanya ke bugu, kuma a motocin zamani da ake manne shi da gam yana cikin abin da ke riƙe rufin. Gilasan ƙofofi idan shimfiɗaɗɗu ne, a yanko sababbi daga falle mai ninki, a lura cewa ya fi na asali kauri don haka sai an gyara hanyar da yake bi, kuma a daina buga ƙofa alhali yana rabi a buɗe. Idan masu doro ne, akwai dabarar da ba a cika tunawa da ita ba, wato a bar gilashin asali yadda yake, a gyara injin ɗaga shi ya riƙa tsayawa ƙasa da inda ya saba, ragowar ya zauna cikin ƙofar, muddin siffar samansa ta dace da sabon firam ɗin. Filastik a tagar da ke hawa da sauka ba ya daɗewa, domin robar bakin ƙofa tana tara yashi, kuma kowane hawa sai ta ja masa layi daga sama har ƙasa. Wurin da polikabonet ya dace da gaske shi ne ƙananan tagogin gefe na baya waɗanda ba sa buɗewa, masu siffar da ba za a samu a gilashi ba, da kuma tagar baya idan an rasa yadda za a kwantar da ta asali, da sharaɗin a sa mai rufin kariya, a ajiye kwalin awonsa, a kuma sa a rai cewa za a sauya shi idan ya dushe.

Mafi yawan wannan wahala tana faruwa ne saboda an fara da yanka kafin a yi tunanin taga, alhali Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Wanda ya samo gilasansa tukuna, ya jera su a gaban mai gyaran bodi, zai iya cewa: “Malam, ga abin da muke da shi, a yanka rufin daidai da su.” Ta haka ana iya nutsar da ƙasan gilashin gaba cikin bodi ba tare da an taɓa shi ba, ana iya ɗauko na wata mota mai gajeren gilashi a gina ramin a kewayensa, ana kuma iya gane cewa rage santimita 6 zai yiwu da gilashin da ke hannu alhali santimita 10 zai tilasta komawa ga filastik. Kafin a kunna garanda, mai motar ya zauna a kujerar direba da hular da ya saba sawa ranar Juma'a, a manna tef a gilashin daidai inda sabon rufin zai tsaya, ya duba ko yana iya hango fitilar ba da hannu ba tare da ya sunkuya ba, sannan a auna tazarar da ta rage tsakanin hular da rufin, a rubuta ta a jikin kwalin awon.